Zamanin da Ake Tsufa da Ƙari a Birnin Zariya

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Zariya a shekarun 1960 da 1970 ya san akwai mutanen da ba a kwatanta su sai da abin da ke jikinsu. Akwai dattijon da hularsa ba ta zama daidai saboda ƙullutun da ke ƙeyarsa. Akwai tsohuwa mai daddawa da ke naɗa gyale a wuya ko da ana zafin bazara, kowa kuma ya san maƙoƙo take rufewa. Akwai mai dukan ƙarfe da ke da tudu a kafaɗa, girman lemon zaƙi, wanda aka ce tun yana saurayi yake ɗauke da shi. Ba a lissafa waɗannan mutane cikin marasa lafiya. Suna noma a bayan Ƙofar Gayan, suna cin kasuwa, suna aurar da 'ya'ya, ranar Juma'a kuma ka same su a masallacin fada cikin sahun farko. Idan yaro ya ƙura musu ido sai a maƙe shi, in ya matsa da tambaya a ce masa, "Ƙari ne, Allah ne Ya ƙara masa, da abinsa zai koma."

Mutanen birni ba su haɗa kowane kumburi a kwando ɗaya ba. Maruru yana da zafi, yana nuna, yana yin baki, a kira wanzami ya yi masa sakiya, mugunya ta fita, mutum ya sami barci. Ƙaluluwa tana bin ciwo, in ka ji ta a matsematsi to duba ƙafa, za ka ga inda ƙaya ta soke. Hangum na yara ne, ya zo ya wuce. Gwaiwa sananniya ce, abin kunya ce a faɗa amma ba abin tsoro ba. Ƙari shi ne naman da ya fito inda ba a sa ran nama, ba ya nuna, ba ya fashewa, ba ya hana cin tuwo. Sai kuma daji, wanda in za a ambace shi ake sassauta murya. Amma dajin wancan lokaci ya fi na likitoci faɗi. Kumburin ƙafa mai zafi da ke yaɗuwa daji ne, gyambon da ya ƙi warkewa daji ne, nonon da ya ruɓe shi ma daji ne, alhali a wurin likita na farkon ƙwayar cuta ce da allura ke kashewa cikin mako guda.

Mai raba gardama tsakanin ƙari da daji shi ne wanzami, kuma ina ganin ba a yi wa tsofaffin wanzamai adalci idan ana maganar wannan fanni. Na sha ganin yadda suke duba kumburi a zaure. Wanzami zai ajiye zabirarsa, ya sa yatsu biyu ya tura abin hagu da dama, ya kama fatar da ke kansa ya ɗaga, sa'an nan ya yi tambaya.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi babban ɗana."

"Yana ƙaruwa?"

"Kaɗan-kaɗan, sai in an daɗe ba a gan ni ba ake lura."

"To a bar shi. Wannan mai motsi ne, ba shi da saiwa."

Wanda ya kafe, ya yi tauri, ya riƙe fata ko ƙashi, ya girma cikin damina ɗaya, shi ne wanzamin kirki ke janye hannu daga kansa, ya ce wannan ya fi ƙarfin aska. Ɗalibin likita a yau waɗannan tambayoyi ake koya masa a gefen gado: daɗewa, saurin girma, tauri, motsi, da ko abin yana da iyaka da yatsa zai iya zagayawa. Inda tsohon ma'aunin ya ci amanar mutane wuri ɗaya ne, wato zafi. An ɗauka abin da ba ya ciwo ba ya kisa. Ciwon dajin nono kuwa a farkonsa yawanci ba ya ciwo ko kaɗan, ƙullutu ne shiru. Mata da yawa sun zauna da shi a ɗaka da sunan ƙari, ana shafa masa toka da man shanu, har sai da ya fashe ya bayyana kansa.

Asibiti bai shigo birni da sauƙi ba. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin ganuwa tun 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, yana ba da magani yana koyarwa, har zuwa 1929 da aka mayar da aikin Wusasa, inda asibitin St. Luke yake har yanzu. Daga wannan al'umma ta mishan Dakta R.A.B. Dikko ya fito, likitan zamani na farko ɗan Arewa. Amma ga mutumin unguwar Kwarbai ko ta Limancin Kona, zuwa Wusasa yana da nauyi biyu, nauyin addini da tsoron wuƙa. Sai bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka buɗe sashen koyar da likitanci a 1967, zamanin da Farfesa Ishaya Audu, shi kansa likitan yara, yake shugabantar jami'ar, sa'an nan asibitin Tudun Wada ya zama na koyarwa. Daga Ƙofar Doka tafiyar ƙafa ce. Duk da haka kalmar "fiɗa" da ake amfani da ita ga tiyata ta isa ta hana tsoho fita ƙofar gari, don fiɗa a kunnensa aikin mahauci ce.

Abin da asibitin koyarwa ya kawo wanda wanzami ba shi da shi ba wuƙa ba ce, madubin ƙara girma ne. Tun 1838 wani Bajamushe, Johannes Müller, ya nuna cewa ƙari ma ƙwayoyin halitta ne suka taru suka yi shi, ɗalibinsa Rudolf Virchow kuma ya kafa wannan ilimi da littafinsa na 1858. Daga nan hukunci ya bar hannu ya koma ido. Idan an ciro nama sai a jiƙa shi a ruwan fomalin don kada ya ruɓe, a daskarar da shi cikin wani kaki irin na ɗakin gwaji, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina shi da launi biyu, shuɗi-shuɗi da ja-ja, a ɗora a gilashi. Mai duba gilashin yana neman amsa uku. Shin ƙwayoyin suna kama da iyayensu, wato na kitse suna kama da kitse, na tsoka suna kama da tsoka? Shin suna rarrabuwa a natse ko a haukace? Shin sun tsaya a cikin jakarsu ko sun keta sun shiga naman maƙwabta da jijiyoyin jini? Wanda ya yi kama da asalinsa, ya girma a hankali, ya tsaya a gidansa, ba ya aika 'ya'ya zuwa hanta ko huhu ko ƙashi, shi likitoci ke kira ƙari marar yaɗuwa. Iyakar ma'anar ke nan, babu alkawarin cewa ba ya cutarwa.

Sunayen da ake rubutawa a takardar sakamako suna da tsari. Ana ɗaukar sunan naman da abin ya fito daga gare shi a liƙa masa "oma" a ƙarshe. Na kitse lipoma, na ƙashi ostiyoma, na guringuntsi kondiroma, na sassan da ke fitar da ruwa adinoma. Idan na daji ne sai a ce kasinoma ko sakoma. Da tsarin ya tsaya haka da ɗan sakandare ma ya karanta wa kakarsa, amma akwai masu sunan lafiya da halin mugunta: limfoma daji ne, melanoma na fata daji ne mai saurin kisa. Na ga gidajen da aka kwana kuka don an ga "oma" a takarda alhali kitse ne kawai, shi ya sa fassarar takardar asibiti a zauren unguwa take da haɗari ta kowane gefe.

Inda wannan sabon ilimi ya fi taɓa rayuwar cikin gida shi ne maganar kwantaccen ciki. Duk wanda ya girma cikin mata a birni ya ji ta. Mace za ta ga cikinta ya tasa, ta ji nauyi a mara, wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, babu naƙuda. Sai a ce cikin ya kwanta. A nemi dalili: kishiya ce, ko an tsallaka wani abu, ko iska. A karɓo rubutu, a sha saiwoyi don a tayar da shi. Malamai ma suna da abin kafa hujja, domin a fiƙihun Malikiyya mafi tsawon zaman ciki yana kai shekara huɗu ko biyar, hukuncin da ya kare mutuncin mata da nasabar 'ya'ya da yawa. Ba na cewa duk kwantaccen ciki abu ɗaya ne. Wani ɓari ne da ba a lura da shi ba, wani ɗaukewar al'ada ce, wani tsananin son haihuwa ne. Amma kaso mai yawa, musamman wanda ake taɓawa a ji tauri kuma jini yana zuba fiye da kima duk wata, ƙarin mahaifa ne, wanda yanzu har 'yan mata suka san shi da faibiroid.

Tsokar mahaifa ce ke dunƙulewa, wani lokaci ɗaya, wani lokaci goma ko fiye, daga girman gyaɗa har wanda zai cika ciki kamar na wata bakwai. Sinadaran jikin mace na shekarun haihuwa ne ke ciyar da shi, shi ya sa yake lafawa ya ƙanƙance bayan al'ada ta ɗauke. Wannan kuwa ya bayyana abin da tsofaffin mata ke faɗa, cewa wance cikinta ya kwanta har ta tsufa ya narke. Da wuya ƙwarai ya rikiɗe ya zama daji. Ya fi yawa a baƙaƙen mata: wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata suna da shi kafin su cika shekara 50, farare kuma kusan kashi 70. Mafi yawansu ba su ma san suna da shi ba, kuma ba sa bukatar komai.

Amma ga wadda ya dama, "ba daji ba ne" ba ta rage mata komai daga wahalarta. Jini yana zuba har idonta ya yi fari, ta hau dakalin ɗaki tana haki, a ce mata shawara ce. Yana danne mafitsara. Idan ya tsiro a cikin ramin mahaifa yana hana ciki zama, kuma a gidan da ake ƙirga mace da 'ya'yanta, wannan kaɗai ya isa ya kawo kishiya ko saki. A ganina ƙarin mahaifa ya kashe aure a Zariya fiye da yadda ya kashe mutane, kuma babu littafin asibiti da ke ajiye wannan lissafi.

Na'urar hoton ciki ce ta kawo ƙarshen yawancin gardamar. Wanda ya fara amfani da ita ga mata, Ian Donald na birnin Gilasgo, ya buga aikinsa a 1958, kuma cikin abin da ya sa aka yarda da shi akwai wata mata da aka yanke wa hukuncin dajin ciki marar magani, na'urarsa ta nuna jakar ruwa ce a ƙwan haihuwa, aka cire ta warke. Yau a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birnin kansa wuraren "sikanin" sun yawaita. Goggon da a da za ta tsaya kai da fata cewa cikin 'yarta kwanciya ya yi, yanzu ita ce ke cewa, "Ku je a haska, in mutum ne ai za a ga kansa."

Misali mafi tsanani na ƙarin da ba daji ba amma yana ɓarna shi ne na muƙamuƙi, wanda likitoci ke kira amilobilastoma. Daga ragowar ƙwayoyin da ke gina haƙori yake tasowa, a cikin ƙashin haɓa, yawanci ga matasa da masu matsakaicin shekaru. Ba ya ciwo. Yana hura ƙashin a hankali shekara da shekaru, haƙora su yi ta girgiɗi suna zubewa, fuska ta karkace, har cin abinci da magana su gagara. Sashen tiyatar fuska da muƙamuƙi na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda a da yake Kaduna, ya yi suna a duniya da wannan ciwo. Farfesa E.O. Adekeye ya buga bayanin majinyata 109 a 1980, kuma likitocin ƙasashen waje suna komawa ga aikin nasa domin a can da wuya a ga ƙarin ya kai girman da yake kaiwa a nan. Dalilin girman kuwa shi ne tsohon ma'aunin nan, ba ya ciwo, a bar shi. Idan an zo da wuri ɓangare kaɗan ake yankewa. Idan an makara sai an cire rabin muƙamuƙi ko duka, in kuma aka kankare shi sama-sama sai ya dawo.

Abin mamaki, a wannan muƙamuƙin dai akwai wani kumburi na yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Shi daji ne sosai, yana ninka girmansa cikin kwanaki, amma yana narkewa da allurai cikin makonni in an same shi da wuri. Ga na daji da ke jin magani, ga marar yaɗuwa da ba ya jin komai sai wuƙa da zarto. Yatsan wanzami ba zai raba waɗannan ba sai da shekarun yaro da saurin abin, tabbaci kuwa sai gilashi.

Maƙoƙo labarinsa ya fi daɗi. Yawancinsa ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci, kuma tun da aka wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya a 1993 manyan maƙoƙan nan suka yi ta raguwa. Wanda ya yi girma yana iya danne maƙogwaro, kuma ƙullutu guda mai tauri a cikinsa yana bukatar a tsotso shi da allura a gwada. Shi kuwa tabon da ke tasowa ya yi tudu bayan hujin kunne ko tsaga ko ƙaho, wanda ya fi kama baƙar fata, abin haushinsa shi ne in an yanke shi kawai sai ya dawo ya fi da. Tsofaffin wanzamai sun san jikin da ke yin haka, sukan tambayi uwa ko a danginsu akwai mai irin wannan fata kafin su ɗora aska.

Akwai wata al'ada da ta daɗe tana ɓata wa likitoci aiki. Bayan tiyata akan fito da abin da aka ciro a nuna wa dangi, a zuba a kwalba, a ce su kai ɗakin gwaji su biya. Ga mutanenmu naman ɗan Adam ba abin yawo da shi ba ne, hakkinsa a binne. Ga kuma kuɗin da ya riga ya ƙare a magani da jini. Sai miji ya dubi kwalbar ya ce, "Likita, ai an rabu da shi, me kuma za a nema?" A dawo gida a haƙa rami a bayan ɗaki. Na san gidan da aka yi haka da ƙullutun nono, aka yi walimar samun lafiya, bayan shekara abin ya dawo a hammata, kuma babu wanda zai iya cewa me aka ciro da farko. Na san kuma yarinyar da aka kai nata, sakamako ya nuna irin ƙullutun nan ne mai santsi da ke gudu ƙarƙashin yatsa, wanda ya fi yawa ga 'yan mata, kuma wannan takarda ce ta hana dangin saurayi fasa aure.

A 2005 asibitin koyarwa ya tattara ya koma Shika, kan hanyar Funtuwa, kuma yana cikin 'yan asibitocin ƙasar nan da ke da sashen gashin ciwon daji. Mutanen birni kuma suna da babban asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Ƙullutun kitse irin wanda dattawa suka tsufa da shi yanzu aikin ƙasa da sa'a ɗaya ne da allurar kashe zafi, mutum ya koma gida da ƙafarsa. Tsoron ya juya. A da kowane ƙari lafiya ne sai ya fashe, yanzu kowane ƙullutu kansa ne sai an rantse. Masu maganin lasifika a bakin kasuwa da tashar mota sun gane haka, suna sayar da garin da wai yake narkar da faibiroid cikin kwana bakwai, mace ta sha ta yi ta gudawa ta ɗauka ƙarin ne ke fita.

Likitocin da suka iya Hausa sun daina cewa "ba komai ba ne", don sun ga yadda ake ɗaukarta. Abin da suke faɗa ya fi tsawo: "Hajiya, ba ya yaɗuwa, amma ki dawo bayan wata shida mu sake aunawa." Dalilinsu shi ne ba duk marar yaɗuwa ke zama yadda yake ba. Ƙananan tsiron da ke fitowa a cikin babban hanji wasunsu kan juye su zama daji bayan shekaru, shi ya sa ake cire su da zarar an gani. Ƙarin da ke fitowa a gaban kunne, cikin sashen da ke yin yawu, yana iya shekara ashirin lafiya sa'an nan ya sauya hali, kuma cire shi yana ƙara wuya da girmansa saboda jijiyar da ke motsa fuska ta cikinsa ta ratsa. Wanda ya tsiro a rufin ƙwaƙwalwa ba ya zuwa ko'ina, amma ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba shi wuri, sai ya danne gani ko ya kawo farfaɗiya. Dattijon da fitsari ke yi wa gardama da dare, yawanci kumburin tsokar ƙarƙashin mafitsara ne na tsufa, amma in aka bar fitsarin yana taruwa ƙoda ce ke biya. Macen da aka taɓa gaya wa tana da faibiroid kuma, in ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke, ba a jingina shi ga tsohon ƙarin, sabon bincike ake yi daga farko.